Koya wa yara launi da wasan hannu a unguwar Safa ta Jidda: abubuwan da ya kamata ka sani

Ranar wata Lahadi, wadda ita ce farkon makon makaranta a Saudiyya, wani yaro ɗan shekara huɗu ya dawo gida gab da azahar a unguwar Safa ta birnin Jidda. Tafin hannunsa ɗaya ja, ɗaya kore, gaban riga kuwa ba a magana. A jakarsa babu ko layi ɗaya na rubutu, sai takarda mai shatin hannunsa da wata sarƙar taliya da aka rina kala uku. Kakarsa, wadda ta zo Umara daga Kano ta tsaya ganin jikoki, ta ƙare masa kallo sannan ta juya ga 'yarta.

"Wai nan ce makarantar da kuke zuba wa riyal? Kun ɗauke min miji da safe, kun dawo min da shi kamar ya faɗa karofi. Ina baƙi, ina wasali?"

"Hajiya, ai karatun ke nan."

"Karatu? To, Allah ya kyauta."

Tambayar Hajiya tana bakin iyaye da yawa, kuma ta cancanci amsa. Safar da ake magana ba dutsen sa'ayi na Makka ba ce. Unguwa ce babba mai cunkoson jama'a a Jidda, gidajen bene jere a kan titin Arba'in da kewayensa, daga titin Sab'in har hanyar Haramain. Hausawa kuma ba baƙi ba ne a wannan birni. Tun zamanin da ake tafiya Hajji a ƙasa, a ratsa Sudan a haye Bahar Maliya daga Suwakin, wasu suka zauna, jikokinsu ne yau ake kira Hausawi. Ga kuma 'yan kasuwa da ma'aikata da suka zo daga baya da iyalansu. Duk wanda ke da ƙaramin yaro a cikinsu zai ci karo da irin wannan aji.

## Mece ce rauda, kuma wa ya kawo wannan tsari?

Rauda ita ce makarantar share fage, abin da muke kira nazare a gida. Kalmar Larabci ce mai nufin lambu, kuma fassara ce ta sunan da Bajamushe Friedrich Froebel ya raɗa wa makarantarsa a 1840, wato lambun yara. Kayan wasa na farko da Froebel yake miƙa wa yaro ƙwallayen zare ne guda shida, kowace da launinta. A 1907 wata likita 'yar Italiya, Maria Montessori, ta buɗe nata ajin a unguwar talakawa ta San Lorenzo a birnin Rum, ta ƙera ƙananan alluna masu launi, biyu-biyu, yaro ya riƙa haɗa kowane da ɗan'uwansa.

A Saudiyya rauda mataki uku ce, daga shekara uku zuwa shida, na ƙarshen shi ake kira tamhidi. Mata ne ke koyarwa, yaran Jidda kuma Abla suke ce wa malama. A ƙarshen shekarun 1980 hukumar ilimin 'ya'ya mata ta wancan lokaci ta haɗa kai da UNESCO da asusun AGFUND aka tsara manhajar koyo da kai, wadda ta raba aji kusurwa-kusurwa, su suna cewa arkan. Akwai kusurwar gini da rushewa, ta zane da fenti, ta wasan gida, ta bincike, ta littattafai. Darussan ma da abin da yaro ya sani aka sa musu suna: ruwa, yashi, abinci, gida, hannu. A 2015 ma'aikatar ilimi ta fitar da ma'aunin koyo na 'yan shekara uku zuwa shida tare da ƙungiyar NAEYC ta Amurka, a 2019 kuma aka buɗe makarantun ƙuruciya inda mata ke koyar da yara maza har aji uku na firamare.

Yinin rauda yakan fara da halƙa, wato zaman da'ira a kan darduma, a yi azkar da gajerun surori da hira. Sai wasan waje, sai kalaci, sai a saki yara cikin kusurwoyi kowa ya zaɓi aikinsa, a rufe da zaman ƙarshe inda ake ba da labari. A wancan sakin ne jikan Hajiya ya samo ja da kore a hannu.

## Me ya sa launi ke ba yara wuya?

Wanda bai taɓa gwadawa ba zai ɗauka koya wa yaro "ja" da "fari" ya fi komai sauƙi. Charles Darwin da kansa ya rubuta a 1877 cewa 'ya'yansa sun kai shekarun da suka san sunan kusan komai a gida amma suna rikita sunayen launi, har ya yi zaton ba sa bambance su da ido. Daga baya suka iya tsaf.

Ido ba shi da laifi. Jariri yana 'yan watanni ya fara bambance launuka kusan yadda babba ke yi. Wahalar a wani wuri take. Kofi abu ne, ana ɗauka, ana sha da shi, ana jefar da shi. Ja kuwa ba ya zama shi kaɗai. Yana jikin tumatir, yana jikin mota, yana jikin mayafin Umma, kuma waɗannan abubuwa ba su da wata dangantaka. Sai yaro ya iya ɓare launi daga jikin abu a ransa, ya gane cewa abin da ya haɗa tumatir da mota shi ake nufi. Ƙari a kan haka, ja ɗin ma kala-kala ne: na zoɓo daban, na manja daban, na goro daban, duk a ce masa ja.

Saboda haka za ka ga yarinya tana rera sunayen launuka goma a jere babu gargada, ka miƙa mata lemo ka tambaye ta, ta ce shuɗi. Ta san kalmomin 'yan gida ɗaya ne, ba ta dai san wanne ke auren wanne ba.

Malamai masu gogewa suna bin mataki huɗu, kuma ba a tsallake:

1. Haɗawa. Yaro ya sa ja a kan ja, ba tare da an tambaye shi suna ba.
2. Warewa. A ba shi tuli a gauraye ya raba gida-gida.
3. Nunawa. A ce "miƙo min ja," ya miƙo.
4. Faɗa. A ɗaga abu a ce "wannan wace kala ce?" ya amsa da bakinsa.

Yawancinmu daga na huɗu muke farawa, shi ya sa ake ƙarewa da tsawa da kuka. Jadawalin da cibiyar CDC ta Amurka ta sabunta a 2022, wanda ke lissafa abin da yara uku cikin huɗu ke iyawa, ya sa nuna launi ɗaya kacal a wata 30, ambaton sunan 'yan launuka kuwa sai a shekara huɗu. Ɗan shekara biyu da ke ce wa komai "ja" yana kan hanya.

## "Jar riga" ko "riga ja"?

Nan Hausa ta yi mana gata ba mu sani ba. Michael Ramscar da abokan aikinsa a Jami'ar Stanford sun gwada yara 'yan shekara biyu, suka ga cewa idan aka ambaci abu tukuna sannan launinsa ya biyo, yara sun fi saurin kamawa fiye da in launin ne ya riga. Dalilin a fili yake. In ka fara da "ja," idon yaro bai san inda zai sauka ba, ɗaki cike yake da kala. In ka fara da "riga," ya riga ya kafa mata ido, kalmar "ja" ta zo ta tarar da shi a wurin.

Turanci ya saba sa launi a gaba. Larabci a baya yake sa shi kullum: kura hamra, ƙwallo ja. Hausa tana da hanya biyu, "jar riga" da "riga ja," "farin kofi" da "kofi fari." Idan koyarwa ake yi, a zaɓi ta biyu. "Ga ƙwallo, ja ce. Ga tumatir, shi ma ja ne. Ga madara, ita fara ce." Ba ya cin ko kwabo, kuma kowace uwa za ta iya tana tsaye a kicin.

## Harshe uku a baki ɗaya

Yaron Bahaushe a Safa yakan ji "ja" a gida, "ahmar" a wajen Abla, ya ji na Turanci a waya ko a makarantar kuɗi. Larabcin ma yana sauya kaya tsakanin namiji da mace, ahmar da hamra, abyad da baida, kamar yadda muke da fari da fara da farare, shuɗi da shuɗiya. Yaron zai gauraya su na wani lokaci, ya ce "mota hamra ce." Wannan ba ruɗewa ba ce, kuma ba dalili ba ne na daina yi masa Hausa. Da zarar ya gane mene ne launi a harshe ɗaya, sauran sunaye riguna ne kawai yake sauya wa abu guda.

Tsofaffin kalmominmu na launi uku ne, fari, baƙi, ja, kowanne da ɗan rakiyarsa: fari fat, baƙi ƙirin, ja wur. Sauran yawanci daga wani abu aka aro su. Shuɗi ɗan'uwan shuni ne, na baban da ake rini da shi a karofin Ƙofar Mata a Kano. Rawaya sunan tsiro ne da ake rini da saiwarsa. Sai jerin "ruwan": ruwan toka, ruwan ƙasa, ruwan goro, ruwan ɗorawa, ruwan hoda, ruwan lemo, ruwan zuma. Larabci ma haka ya yi. Ramadi daga toka yake, burtuƙali daga lemo, bunni daga ƙwayar gahawa, wardi daga fure.

Yaron da aka haifa a Jidda wataƙila bai taɓa ganin ɗorawa ba. In aka ce masa ruwan ɗorawa, sauti kawai ya ji. A sa masa garin ɗorawa a tafi ya lasa, ko a fasa masa goro ya ga yadda yake rinewa, sunan ya zauna daram. Gani ya kori ji, taɓawa kuma ta fi su duka.

## Ayyukan da za a iya yi a aji ko a falo

Kwandon Halaƙa. Babbar kasuwar kayan lambu ta Jidda, wadda ake kira Halaƙa, ta daɗe tana ci a Safa, kuma babu allon bango da ya kai ta launi. A juye cefane a kan tabarma, a ajiye faranti uku. Tumatir da jan tattasai gida ɗaya, kokwamba da kuɓewa da lemon tsami ɗanye gida ɗaya, ayaba da dabinon barhi mai ruwan ƙwai gida ɗaya. A fara da kala biyu masu nisa da juna, kamar ja da kore, a ƙara ta uku bayan kwana biyu. Tattasai yana da wani amfani na musamman: ana samun ja, kore da rawaya, siffa ɗaya. Yaro ya ga abu ɗaya cikin riga uku, a nan yake gane cewa launi daban, abu daban.

Marafan roba da kiret ɗin ƙwai. A shafa wa kowane rami kala, yaro ya riƙa jefa murfin da ya dace. In ya iya da yatsa, a ba shi cokali, daga baya a ba shi abin maƙale shanya ya riƙa ɗauka da shi. A ƙarshe a ƙirga tare: ja nawa, shuɗi nawa, wanne ya fi yawa.

Zoɓo mai sauya riga. Wannan shi ne sarkin kusurwar bincike, kuma kayansa na kowane gida, domin zoɓo shi ne karkade na kantunan Jidda. A ajin jikan Hajiya, Abla ta jera kofin gilashi uku, ta zuba zoɓo mara sukari wanda aka tsinka da ruwa. Na farko a bar shi. Na biyu ta ba wata yarinya rabin lemon tsami ta matse da hannu biyu, har tana cije leɓe, sai ja ɗin ya washe ya yi haske. Na uku ta ba wani yaro cokalin ruwan kanwa. Yana zubawa zoɓon ya turɓune, ya koma wani duhu tsakanin shuɗi da kore. Aji ya yi tsit, sai wani ya ce, "Abla, ya mutu!" Ta ce, "To mu gwada ko zai tashi." Aka matsa lemo a kai, ya ɗan yi kumfa, ja ya dawo. Sinadarin da ke ba zoɓo launi, antosayanin, yana sauyawa ne gwargwadon tsami ko kanwar da ya tarar. Yara ba sa bukatar wannan suna. Abin da suka ɗauka ya fi shi: su yi hasashe kafin a zuba, su zuba, su duba ko sun canka. Kurkum ma haka yake, in ya haɗu da ruwan sabulu sai ya bar rawaya ya koma ja. Zoɓon da aka sa wa kanwa ba na sha ba ne, a zubar.

Ƙullin gishiri. A Jidda salsal ake ce wa laka ta wasa, ana sayarwa, amma ta gida ta fi arha. Kofi biyu na fulawa, kofi ɗaya na gishiri, cokali biyu na mai, ruwan ɗumi kamar kofi ɗaya a zuba a hankali. A raba, a sa kalar abinci. A ba yaro curi rawaya da curi shuɗi ya yi ta murzawa har kore ya fito a hannunsa. Ja da rawaya su ba da ruwan lemo. Ja da shuɗi kuwa sau da yawa wani ruwan ƙasa suke bayarwa maimakon shunayya, domin jan fenti yakan zo da ɗan rawaya a ciki. Kada a ɓoye wannan, a bari ya gani. Mai gudun ɓata kafet ya zuba fentin a leda mai zif, ya manne ta a kan tebur, yaro ya murza ta waje.

Sarƙar taliya. A rina taliya mai rami, a shanya, a ba yaro igiyar takalmi. Da farko ya zura yadda ya ga dama. Daga baya a fara masa: ja, kore, ja, kore, a tambaye shi me zai biyo. Wanda ya iya wannan ya taka matakin farko na lissafi, domin lissafi gane tsari ne kafin ya zama lamba.

Tiren yashi. A baza yashi ko gishiri a tire mai kala, yaro ya ja layi da yatsa launin ƙasan ya bayyana. A yi tsaye, a yi kwance, a yi da'ira. Yaron Safa zai yi rubutu ta fuska biyu, Larabci daga dama, boko daga hagu, don haka a saba masa da duka biyun tun a yashi, inda kuskure girgizawa ɗaya ne ya goge.

Farautar kala. A ce yau ranar kore ce, a neme shi a gida da kan titi. Makon 23 ga Satumba, ranar ƙasa ta Saudiyya, Jidda kaf kore take komawa, mako guda bayan nan ga 1 ga Oktoba da tutar Najeriya mai kore da fari. Sai dai tutar Saudiyya tana ɗauke da kalmar shahada, ba a ba yara ita su yanka ko su yar a ƙasa. In an fita yawo, tagogin katako na rawashin a tsohon garin Balad, wanda UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 2014, akwai kore, shuɗi da ruwan ƙasa. A bakin teku kuma a shirya wa tambayar da ba ta da amsa mai sauƙi: me ya sa Larabawa ke ce masa jan teku alhali shuɗi ne?

## Ban da launi, me hannun ke koya?

Alƙalami yatsa uku ke riƙe shi, kuma ƙananan tsokokin da ke wannan aiki ba sa ƙarfi sai an mora su. Murza ƙulli, matse lemo, tsinke takarda, zura igiya, datsa da almakashi, duk horon waɗannan yatsu ne. A jadawalin nan na CDC, zura taliya a igiya da kwaikwayon da'ira aikin ɗan shekara uku ne, riƙe fensir tsakanin yatsu maimakon dunƙule hannu na ɗan huɗu, rubuta wasu haruffan sunansa na ɗan biyar. Wanda ya tilasta wa ɗan uku cika shafi da alif yakan samu mummunan riƙo da yaro mai ƙin littafi. Sauri ya haifi nawa.

Mu da muka tashi a gida mai tsakar gida mun samu wannan horo kyauta. Mun yi tuwon ƙasa, mun yi 'yar carafke, mun ƙera motar kara, an ba mu tire mun tsince tsakuwa daga shinkafa, mun ɓare gyaɗa. Tsintar shinkafa warewa ce, carafke haɗin ido da hannu ne. Har yau in ana son nuna tsohuwar abota sai a ce tare muka yi wasan ƙasa. Yaron da ke hawa na uku a Safa, ga tayil ga na'urar sanyaya ɗaki, ga zafi da gumin Jidda da ke hana fita rabin shekara, ba shi da ƙasar da zai yi wasa da ita. Kusurwoyin rauda tsakar gida ce aka shigo da ita cikin ɗaki.

Akwai kuma tarbiyya a ciki. Almakashi ɗaya yara uku, dole a jira. Ruwa ya zube, a ɗauko tsumma. An gama, kowa ya mayar da kaya mazauninsu kafin a tashi.

## Ina waya da kwamfutar hannu?

Manhajojin koyon launi sun cika waya, kuma yaro zai iya haddace suna daga gare su. Amma gilashi santsi ɗaya gare shi, ba nauyi, ba ƙamshi, ba danshi, yatsa ɗaya kawai ke aiki. Hukumar Lafiya ta Duniya a 2019 ta ba da shawarar kada a zaunar da yaron da bai kai shekara biyu ba gaban allo, 'yan biyu zuwa huɗu kuma kada su wuce awa ɗaya a yini, sannan su samu motsa jiki na aƙalla minti 180.

## Abubuwan da za a kiyaye

- Duk abin da zai shige cikin kwalin tsakiyar tishu zai iya maƙale wa yaro ƙasa da shekara uku a wuya. Wake, maɓalli, dutsen ado da ƙwallon dabino ba nasu ba ne.
- Ƙananan batura masu kama da kwabo, ƙananan maganaɗisu da ƙwallayen roba masu kumbura a ruwa suna yin mummunar illa a ciki in an haɗiye. A raba aji da su.
- Ƙullin gishiri ba abinci ba ne, gishirinsa ya yi wa yaro yawa.
- Fenti ya zama na yara, mai fita da ruwa. Ban da fentin gini da na mota.
- Lalle yana jan hankali a darasin launi, amma yana iya fasa jinin yaron da ke da ƙarancin sinadarin G6PD, larurar gado da ta yawaita a Saudiyya da Afirka ta Yamma, wadda kuma ke hana cin wake irin na ful. Baƙin lalle mai haɗin sinadarin rinin gashi yana ƙona fata. A tambayi iyaye tukuna.

## Idan yaro ya girma bai kama ba fa?

In ya kai biyar yana haɗa siffofi daidai, yana ƙirga, amma kullum ja da kore da ruwan ƙasa suna rikice masa ko a matakin haɗawa, a kai shi likitan ido. Rashin bambance ja da kore gado ne da ke biyowa ta wajen uwa, ya fi kama maza. A cikin Turawa kusan namiji ɗaya cikin 12 ne da mace ɗaya cikin 200, a Afirka bai kai haka ba, amma akwai shi. Gwajin da likitan Japan Shinobu Ishihara ya fitar a 1917, mai ɗigo-ɗigo da lamba a ɓoye, har yau da shi ake aiki, akwai kuma na yara mai siffofi. Ba a warkar da shi, ba ya kuma taɓa basira. Abin da ake bukata Abla ta sani, ta riƙa haɗa launi da alama ko suna, ta daina cewa "ɗauko koren littafi" kawai. Yara da yawa sun sha duka a kan taurin kai alhali abin da suke gani suke faɗa.

## Yadda za ka gane aji mai kyau

Ka leƙa lokacin kusurwoyi, ka duba bango. In ka ga zane ashirin duk iri ɗaya, tuffa ja babu wanda ya fita layi, hannun malama ne ya yi yawa. In ka ga kowanne da kamarsa, wani ma ba ka gane mene ne ba, yara ne suka yi. Ka duba ko kayan suna ƙasa inda hannun yaro zai kai. Ka saurara ka ji muryar wa ta fi yawa, ta Abla ko ta yara. Ka tambaya ko ana wasa da ruwa da yashi. Tsadar kayan wasa da sunan Montessori a allon ƙofa ba su ne ma'auni ba. Ajin da ke da marafan roba da malama mai haƙuri ya fi ajin da aka kulle kayan a kabad don kada su lalace.

## Amsar tambayar Hajiya

Hajiya ta tambayi baƙi da wasali, kuma amsar tana cikin jakarta. Ta zo da Alƙur'aninta rubutun hannu irin na Kano a cikin gafaka. Da ta buɗe shi bayan la'asar, jikan ya raɓo ya leƙa. Haruffan da baƙar tawada aka rubuta su, wasulla da ja, hamza ɗigo ne rawaya, ga kuma ɗigon kore a kan wani alif. Mahaddatan da suka rubuta irinsa sun san ido da launi yake rarrabe abu. Hatta matakan makarantar allo da kala aka sa musu suna: yaro ya fara da babbaƙu, ya wuce farfaru.

Yaron ya kai yatsa kusa da shafin, bai taɓa ba, ya ce, "Hajiya, wannan ja ne. Wannan asfar."

"Rawaya ake cewa, mijin banza. To wannan fa?"

"Kore!"

Ta yi shiru tana dubansa ta saman tabarau. Can ta ɗaga murya ta kira 'yarta a kicin, ta ce a jiƙa mata zoɓo, a miƙo kanwar da ta zo da ita daga Kurmi, tana so ta ga wannan mutuwa da tashi da yaron ke ta ba ta labari.